Zama da Gajiyayyu a Kaladan

Tun da kuka shigo nake kallon katunan nan da kuka bugo, masu sheƙi, kowanne da hoton mai shi da kalmar “koci”, wato mai ba da shawara, a ƙarƙashin suna. Sun yi kyau, Allah ya sa albarka. Ɗaya daga cikinku ta ce kun yi karatun a waya kun gama, abin da ya rage kawai ku ga yadda nake tsara zama, tunda aikin magana ce, magana kuwa ba ta da wuya. To ku gyara zama, 'ya'yana.

Ni ce Hajiya Rabi. A nan Kaladan aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano bai koma ba. Na yi koyarwa a firamare, na bari, sauran shekaruna kuma na ƙarar da su ina zama da mutanen da aiki ya cinye. Ba gajiyar da mutum zai kwanta ya tashi garau nake nufi ba. Akwai wata wadda barci ba ya taɓa ta. Mutum zai farka kamar bai kwanta ba, aikin da yake so ya koma masa kamar ɗaukar dutse, ɗansa ya gaishe shi ya ji haushi, ya tada salla bai san raka'a nawa ya yi ba. Masu wannan gajiyar su ne mutanena. A da ba mu da sunan aikin. Cewa ake yi, “Je ki zauna da Hajiya.”

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba wani ɓoyayye. Kujerun roba guda biyu, tsayinsu ɗaya, don kada in zauna sama da wanda ya zo. Buta cike da ruwa a bakin ƙofa, saboda wani sai ya yi alwala ruwa ya taɓa fuskarsa sannan bakinsa yake buɗewa. Filas na koko da ƙosai a kwano, don rabin masu zuwa ba su karya ba. Kwandon nan na waya ne, kowa ya shigo zai ajiye tasa, har da ni. Ba na rataye agogo, ladanin masallacin bayanmu ya ishe mu. Sai waɗannan kwanukan silba guda biyar da gwangwanin tsakuwa, zan zo kansu.

Wurin Mma Azara na koyi aikin, a unguwar Nyohini, nan muna ce wa uwa Mma. Badagomba ce, tsohuwar ungozoma, ta yi karatun addini mai zurfi wurin mahaifinta. Da ƙarfinta ya ragu ta daina karɓar haihuwa, amma matan da ta karɓi 'ya'yansu ba su daina zuwa gidanta ba. Ranar da na ce ina so in koya, ta ba ni wuri a bakin ƙofa ta ce, “Aikinki kawo ruwa. Bakinki kuma ki bar shi a gida.” Haka na zauna har damina ta zo ta wuce, ban ce wa kowa komai ba sai sannu da zuwa.

Akwai wata tela da ta zo ana gab da ƙaramar salla, idanunta jawur, yatsunta sun kumbura. Ta yi ta lissafo ɗinkin da ke kanta, da zagin da masu kaya suke mata, da wutar da ake ɗaukewa. Duk wanda ke wurin zai so ya ce mata ta yi haƙuri ta yawaita addu'a. Mma Azara ba ta ce ba. Sai da telar ta kai ƙarshe, sannan Mma ta tambaye ta, “Yaushe rabonki da ki ci abinci a zaune?”

Matar ta buɗe baki za ta amsa, ta kasa tunawa. Sai hawaye.

Mma Azara ta ce in zubo tuwon zafi da miyar ayoyo. Ta ci a zaune, mu kuma muna hirar tsadar atamfa kamar ba abin da ya faru. Bayan ta tafi Mma ta ce mini, “Ta san haƙuri, ta san addu'a, tun tana yarinya ake gaya mata. In kika ba mutum abin da yake da shi tun da, ya san ba ki ji shi ba. Nemi abin da ya ɓace masa.” Tambayoyinta duk irin waɗannan ne. Me kika ci? Yaushe kika kwanta? Wa yake ɗaukar miki ruwa? Wace salla ce take kuɓuce miki? Kwanukan nan ma nata ne, ta ba ni ranar da ta ce in koma Kaladan in fara nawa.

Fati mai wakye ita ce ta farko da na yi wa aikin kwanuka ni kaɗai. A bakin titin Nyohini take sayar da shinkafa da wake, layi har kan kwalta. Ta zo ne saboda hannunta ya fara rawa in ta ɗauki ludayi, kuma ta mari 'yarta a kan cokali. Na jera kwanukan a ƙasa na ce mata kowanne tsakanin salla ne da salla: asuba zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, har ƙarshe. Duk aikin da take yi a rana ta ɗauki tsakuwa ɗaya, ta faɗi sunansa da baki, ta jefa a inda yake faɗawa. Kwanon safe ya cika ya zube. Na ƙarshe kuwa, wanda ya kamata ya zama na barci, shi ma sai da ta zuba masa: jiƙa wake, soya shito, wato miyar barkono, wankin tukwane, gugar kayan makarantar yara.

Daga nan ake fara aikin. Sai ka ɗauki tsakuwa ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: wannan Allah ne ya ɗora miki, ko cikinki ne ya ɗora miki, ko tsoro? Fati ta yi ta cewa duk dole ne. Ban yi gardama ba. Washegari na je rumfarta na zauna a benci kamar mai ciniki, na kalli safiyarta tun daga farko. Nan na ga teburinta ya yi ƙasa, a sunkuye take zuba abinci. Na ga in tukunyar farko ta ƙare da hantsi sai ta ɗora ta biyu, wadda da ƙyar take ƙarewa bayan la'asar, ragowar kuma a ba maƙwabta. Na ga kullum sai ta soya sabon shito, alhali shito yana kwanaki bai yi komai ba.

Na ce, “Fati, tukunya ta biyun nan ta wa ce?”

Ta ce, “Mma, in suka zo ba su same ni ba, wurin waccan za su je.” Ta nuna wata mai abinci a tsallaken titi da haɓa.

“In suka je fa?”

“Shi ke nan sun tafi.”

Abin da muka yi ba wani babba ba ne. Kafinta ya ƙara wa teburin ƙafa. Shito ya koma sau biyu a mako. Tukunya ta biyu muka rage ta, daga baya muka cire. Litinin ta rufe. Kuma kada in yi muku ƙarya, wasu masu cinikin sun tafi ba su dawo ba, ta zo nan ta yi mini fushi a kan haka, na ba ta koko ta sha tana fushin. Amma hannun ya daina rawa, kuma sallar la'asar ta dawo mata a kan lokaci. Har yau tana nan a wurin, in kun makara ba za ku samu ba.

Ku san iyakarku. Ba kowace gajiya ce tamu ba. Wani hawan jini ne, wata ƙarancin jini, wani sukari. Kafin in jera wa mutum kwano sai na tambaye shi yaushe rabonsa da asibiti. Wanda kuma ya ce muku ya gaji da rayuwar gaba ɗaya, ba ku ce masa ya dawo mako mai zuwa ba. Ku tare yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ku shiga tare da shi, ku kai shi wurin likita, ku kira ɗan uwansa. Wasu za su zo suna so ku yi musu rubutu ko laya, ku gaya musu da ladabi cewa ba aikinku ba ne. Kiristoci ma suna zuwa, malaman makaranta da nas-nas. Ba na jera musu sallolina. Tambayarsu nake yi yaushe suke addu'arsu, Lahadinsu kuma ta hutu ce ko ita ma ta zama ranar aiki a coci, sai mu gina a kan nasu.

Shekarar korona ita ce shekarar da ta fi ba ni wuya. Aka rufe makarantu da masallatai, aka hana taro. Na kife kujerun nan ɗaya a kan ɗaya na tura su lungu. A cikin watannin nan Mma Azara ta rasu, tsufa ne ba cutar ba, mutane kaɗan aka bari suka raka ta. Aiki ya koma waya, kuma a waya rabin aikin ya tafi, don ni da ido nake ji. Ina kallon yadda mutum yake riƙe kofi, yadda ƙafarsa take kaɗawa, ko ya cire takalmi ko yana shirin gudu. A waya kowa cewa yake lafiya lau. Dole na koyi sauraron numfashi, da abin da ke motsi a bayan mai magana.

Na ɗauka da aka zaunar da mutane a gida za su huta. Ina! Jiki ya zauna, zuciya tana kasuwa. Da aka buɗe gari kuma kaya suka yi tsada, kowa ya ninka aikinsa. A lokacin in ka ce wa mutum ya huta kamar ka zage shi ne. Har magana ta fara yawo a unguwa cewa Hajiya Rabi lalaci take koya wa mata. Zaure ya yi shiru, sai da na koma ƙulla sobolo, wato zoɓo, ina sawa a firji ina sayarwa. Waɗanda suka ci gaba da zuwa kuwa na daina yi musu zancen ranar hutu, don ba su da ita. Muka koma neman ƙananan wurare: zama tsakanin kiran salla da tada iƙama ba tare da taɓa waya ba, cin abinci ɗaya a rana tare da iyali, ɗan kishingiɗa bayan azahar ko da a bayan shago ne. Abin da shekarar ta koya mini ke nan, hutun da mutum zai iya ɗauka shi ake ba shi.

A ƙarshen wannan wahalar ne Afa Yakubu ya zo. Limami ne na wani ƙaramin masallaci a Dungu, nan muna ce wa malami Afa. Matarsa Mma Sana ce ta kawo shi bayan la'asar wata Laraba. Na fito da kujera ta uku, muka zauna a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ƙofa a buɗe. Dattijo ne dogo, rigarsa ta yi masa yawa. Ya zauna a karkace yana kallon katanga.

Ya ce, “Hajiya, ni ba ni da abin faɗa. Ita ce ta ce mu zo.”

Na ce, “Ba komai, Afa. Ga koko.”

Mma Sana ce ta faɗa. A sallar magariba ya tsaya cak a tsakiyar sura, surar da ya haddace tun kafin ya yi kaciya. Na bayansa suka tuna masa, ya ji su, amma bakinsa ya ƙi ɗauka. Abin ya sake faruwa bayan kwanaki. Unguwa ta rabu, wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa tsufa ne a nemo wani.

Sai ya juyo. “Ba sammu ba ne, ba tsufa ba ne. Imanina ne ya yi rauni. Na ƙara azumi, na ƙara nafila, abin sai gaba yake yi.”

Na ce sai ya je asibiti tukuna. Ya je ba da son ransa ba, aka ce jininsa ya hau, aka ba shi magani. Da suka dawo na jera kwanuka. Ya dube su kamar wasan yara, amma ya ɗauki tsakuwa. Limancin salloli biyar. Makarantar safe, makarantar yamma. Raɗin suna. Ɗaurin aure. Jana'iza, da wanka, da zaman makoki. Sulhun ma'aurata, sulhun gado, sulhun iyakar fili. Duba marasa lafiya. Gonarsa ta masara. Waya, wadda tun shekarar cutar mutane suka saba kiransa a kowane lokaci, ba su daina ba. Gwangwanina ya ƙare bai gama ba. Mma Sana ta kwance bakin zanenta ta zubo gyaɗa, ya ci gaba da ita.

Ni ba zan yi wa limami wa'azi ba, ya fi ni sanin abin da zan faɗa. Ku riƙe wannan, in wanda ya zo ya fi ku ilimi, ku bar ilimin nasa ya yi aikin. Na ce, “Afa, ina da tambaya ta addini. Wani mutum ne ya zo wurina. Ba ya barci yadda ya kamata, ba ya cin abinci a kan lokaci, likita ya ce jikinsa yana lalacewa. Iyalinsa ba sa ganinsa. Yanzu har farillarsa ta fara samun matsala, shi kuma sai ƙara nafila yake yi. Me zan ce masa?”

Nan take ya gyara zama, muryar karantarwa ta dawo. Ya yi mini bayani mai kyau, cewa jiki amana ne, iyali suna da haƙƙi, ba a rusa farilla don gina nafila, kuma aikin da yake kan jama'a in wani ya ɗauka ya sauka daga kan saura. Yana tsakiyar kawo hujja sai ya tsaya. Ya kalli kwanukan, ya kalli matarsa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana ɓare gyaɗa.

Ya ce, “Hajiya, kin yi mini tarko.”

Na ce, “Ni tambaya na yi.”

Na tambaye shi ko akwai wanda zai iya jan salla in ba shi. Ya ce akwai Abdul-Basit ɗalibinsa, ya haddace, karatunsa ba laifi, amma yaro ne. Mma Sana ta ce, “Yaron da babbar 'yarsa ta shiga sakandare.” Ya yi kamar bai ji ba. Sai a zama na gaba ya faɗi ainihin abin. Mahaifinsa ne ya gina masallacin, kuma bai taɓa barin gaban sahu ba sai ranar da aka ɗauke shi. In shi ya matsa yana da rai, jama'a za su ce ya ƙare, masu cewa a nemo wani sun yi gaskiya ke nan.

Irin wannan ba a yi masa gaggawa. Da waya muka fara: bayan isha'i tana hannun Mma Sana, in rasuwa ce ta tashe shi, in rigimar fili ce gari zai waye. Azumin nafila ya ajiye har likita ya ga jinin ya sauka. Makarantar yamma ya bar wa manyan ɗalibai. Sulhu ya koma rana ɗaya a mako. Dattawan masallaci ya tara su da kansa ya gaya musu ba sauka zai yi ba, horar da na baya zai yi, kuma wannan ma aikin limami ne. Wasu sun yi gunaguni, ɗaya har ya daina gaishe shi na ɗan lokaci.

Azahar ɗin Alhamis ya fara ba Abdul-Basit. Ranar farko bai je masallacin ba sam, ya hau moto, wato babur, ya tafi gona ya yi sallarsa a can, kunya ta hana shi. Mma Sana ta gaya mini, ban ce masa komai a kai ba. Alhamis ta biyu ma haka. Mantuwar sura kuwa ta ragu, har ta daina. A nan da yawa suke tsayawa, su ce sun warke, su kwashe duk tsakuwarsu su mayar. Na ce masa sauƙin da ya samu daga abin da ya ajiye ya fito, in ya ɗauka zai koma inda ya baro. Ya ce zai duba.

Bayan girbin masara suka zo, shi da ita, da ƙullin sabuwar masara a bayan moto. Ya ɗan yi ƙiba. Wannan karon ya fuskance ni ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, “Jiya na ba Abdul-Basit magariba. Na tsaya har aka tada iƙama, na shiga sahun ƙarshe.”

“Yaya ka gani, Afa?”

“Ashe fankar baya ta mutu tun bara, ba wanda ya gaya mini. Tabarmar ma ta yage.” Ya yi 'yar dariya. “Damana wani mai yalo-yalo, haguna wani tsoho da na ɗauka ya daina zuwa masallaci, ashe kullum yana nan, baya yake tsayawa saboda ƙafarsa. Hajiya, tun rasuwar mahaifina ban ji karatu daga bakin wani a masallacin nan ba. Kullum ni ke yi, ina tunanin ayar gaba. Jiya na ji surar. Kamar yanzu aka fara karanta mini ita.”

Mma Sana ta ce, “Gaya mata sauran.”

Na ce, “Ko Abdul-Basit ya yi kuskure ne?”

“Ya yi. A raka'a ta biyu ya tsallake kalma.” Ya juya hular a hannunsa. “Na buɗe baki zan gyara masa, sai wani a sahun gaba ya riga ni. Ya ɗauka, ya wuce. Ni ban ma san wane ne ba.”

“Sai ka yi yaya?”

Ya ce, “Sai na rufe bakina, na ci gaba da sallata.”